Haraji ne ya ƙwace wa Wales kasuwar ƙarfen gwangwani?

Tambaya: Malam, ni ɗalibin tarihi ne a Bukuru. Na karanta cewa a da Birtaniya ce ke yi wa duniya ƙarfen gwangwani, sai Amurka ta ƙwace kasuwar da haraji kawai. Haka abin yake?

Amsa: Malam, haraji ya yi aiki, amma ba shi kaɗai ba.

Ƙarfen gwangwani falle ne siriri da a wancan zamani ake tsomawa cikin narkakkiyar kuza don kada ya yi tsatsa. Da shi ake yin gwangwanin madara da garwar kananzir. Har zuwa 1890 kudancin Wales, wani yanki na Birtaniya, musamman garuruwan Swansea da Llanelli, shi ke riƙe da sana'ar, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na abin da ake fitarwa waje Amurka yake tafiya. Dogaro da mai saye guda ɗaya shi ne rauninsu.

Dokar harajin McKinley da Amurka ta yi a 1890 ta ɗaga kuɗin fito daga senti 1 zuwa senti 2.2 a kan kowace laba, daga Yulin 1891. Kafin ranar ta zo, 'yan kasuwa suka yi ta jibge kaya a rumbunan Amurka. Da ta zo, ciniki ya tsaya cak. Masana'antu da dama a Wales suka rufe, ƙwararrun ma'aikata suka haɗa nasu ya nasu suka tsallaka jihohin Pennsylvania da Ohio a Amurka, suka koya wa Amurkawa aikin. Kafin ƙarshen ƙarnin, Amurka na yin mafi yawan abin da take buƙata.

Sai dai ka duba farashin ƙarfen kansa, don a ganina nan gizo ke saƙar. Kusan duk nauyin fallen ƙarfe ne, kuzar shafe ce kawai. Bayan dabarar Bessemer ta 1856, wato sabuwar hanyar tace narkakken ƙarfe da iska, ta bazu, ƙarfe ya yi araha ƙwarai: tan ɗaya na ƙarfen dogo da ake saye sama da dala 100 a Amurka a 1870 ya faɗo ƙasa da dala 20 a 1898. A 1890 ɗin ma Amurka ta wuce Birtaniya a yawan narka baƙin ƙarfe. Shi ya sa da aka rage harajin zuwa senti 1.2 a 1894 sababbin masana'antun ba su durƙushe ba. Harajin gaggauta abin ya yi, mai saye a Amurka kuma shi ya biya kuɗin gaggawar.

Tunda daga Bukuru kake: kuzar Jos ba ta cikin wannan rigima. Turawa sun fara haƙarta ne a farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso garinku a 1914, lokacin Wales ta riga ta farfaɗo da sababbin kasuwanni a Turai da Asiya.