Amsa ga ƙanena mai son zama ƙwararren likitan kansar karnuka da maguna

Salam ƙanena, na ga saƙonka tun ranar Talata, satin nan ni ke kwana a asibiti shi ya sa ka ji ni shiru. Kuma ba zan ɓoye maka ba da na karanta sai da raina ya ɗan sosu, ba laifinka bane, kai ne na huɗu cikin wata biyu da ya turo min wannan tambayar kamar haɗa baki kuka yi. Ka ce ka gama DVM, digirin likitan dabbobi, ka ji ance yayanka yana aikin kansar karnuka da maguna a Amurka, kana so in nemo maka jami'ar da za ka yi mastas a fannin, in da sikolashif ma ya fi, shekara biyu ka fito ƙwararre. Toh bari in fara da wannan ɗin don a nan kowa ke ɓata.

Mastas ba ta mayar da mutum ƙwararre a nan. Ko PhD ka yi a kan ciwon kansa, ka rubuta littafi guda, ba ka da ikon taɓa karen kowa da allura balle ka kira kanka ƙwararre. Ni da kaina ta mastas na shigo ƙasar nan shi yasa nake gaya maka da ƙarfi, na ci shekara biyu ina zaton hanya na kama, ashe biza kawai ta bani da ɗan sanin mutane. Wanda ke ba da shaidar ƙwarewa a nan ƙungiya ce ta likitoci, ACVIM, a Turai kuma ECVIM-CA, su ba jami'a bane, ba ajin da za ka zauna ka ɗauki darasi. Sai ka yi intanshif, wato horon aiki, na shekara ɗaya kana zagaya sassan asibitin ƙananan dabbobi, da yawa sai sun ƙara wani intanshif ɗin na ciwon kansa zalla, sannan rasidansi, wato horon ƙwarewa, shekara 3 a ƙarƙashin waɗanda suka riga suka samu shaidar, a ciki ka yi aikin bincike, ka rubuta jarabawa biyu, ɗaya ta magungunan ciki gaba ɗaya, ɗaya ta ciwon kansa. Wanda ya yi karatunsa a nan kuma komai ya tafi masa daidai shekara 4 zuwa 5 ke nan bayan digiri. Ni tara na yi. Gasa ƙari da hasken na'ura ma nasa rasidansin daban ne a ƙarƙashin wata ƙungiyar, ACVR, tiyatar kansa kuma sai ka fara zama ƙwararren tiyata tukuna.

Abin da ya ƙara min shekarun shi ne lasisi. Digirinmu na gida ba ya cikin waɗanda AVMA, ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka, ta tantance, don haka sai ka bi ta ECFVG, shirinta na tantance waɗanda suka yi karatu a waje, su tabbatar da takardunka, ka yi jarabawar Turanci irin TOEFL ko IELTS, ka yi jarabawar BCSE tambaya 225 a kwamfuta, sannan uwa uba CPE, jarabawar aikin hannu, a lokacina kwana uku ana kallon hannunka a sashe bakwai, har da doki da shanu da binciken gawa da ɗaukar hoto. Ga kuma NAVLE, jarabawar neman lasisi, tambaya 360 wadda kowa sai ya yi, ɗan ƙasa da baƙo, bayan nan ka nemi lasisin jihar da za ka yi aiki. Akwai wata hanyar PAVE amma ita sai ka koma asibitin jami'a ka yi zagayen ɗalibai da kuɗinka, kuma ba kowace jiha ke karɓarta ba. Na kwamfutar kada su dame ka, in kai mai karatu ne za ka wuce. CPE ce ke kayar da mu. Ni a sashen sa barci na faɗi, ga kare kwance a gabana, na san komai a kaina amma hannuna bai saba da injin ba, ban gwada ko iska na zurarewa ba kafin in haɗa shi, mai kula da jarabawar bai ce min uffan ba ya rubuta abin da zai rubuta kawai. Dubban daloli na biya, na sake biya, na kuma jira watanni kafin in samu wani gurbin. Ranar da sakamakon ya fito a mota na zauna har dare ban iya shiga gida ba.

A tsakanin nan me nake yi? Bizar ɗalibi awa 20 a sati take ba ka ka yi aiki, kuma a cikin makaranta, sai na samu a ɗakin kwantar da dabbobi, ina wanke keji, ina kwashe kashi, ina riƙe kare wani ya sa masa kanula, ɗan bututun da ake sa wa a jijiya. Ni da ake kira dakta. Wata yarinya mai taimaka wa likitoci wadda na ba ta kusan shekara goma ita ta koya min naɗe mage a tawul ba tare da ta yage min hannu ba, ita ta koya min nemo jijiya a ƙafar kyanwar da ruwan jikinta ya ƙare, har yau ina mata addu'ar alheri. In ka san girman kai ba zai barka ka yi wannan ba to tun yanzu ka haƙura, don ba wanda zai rubuta maka wasiƙar shaida bai ga aikinka ba, wasiƙun nan kuwa su ne komai.

Guraben intanshif da rasidansi ta wani tsari mai suna VIRMP ake rabawa, ka cika a ƙarshen shekara, kai ka jera inda kake so su ma su jera wanda suke so, kwamfuta ta haɗa, sakamako ya fito farkon shekara mai zuwa. Akalla wasiƙa uku ake nema, kuma wasiƙar malamin da ba su taɓa jin sunansa ba komai kyanta ba ta da nauyin layi biyu daga wanda suka sani. Kafin ma a zo nan ka duba kowane gurbi da kyau, da yawa sun rubuta ƙarara ba sa ɗaukar wanda ke buƙatar biza, sai ka ga jerin da kake murna da shi ya koma ɗan tsurut. Wasu asibitocin jami'a kan ɗauki baƙo ko bai gama lasisi ba, da izinin aiki a cikin asibitin kawai, su za ka fi sa wa ido. Karon farko ban samu ko ɗaya ba, na rasidansi ma sai a karo na biyu. Albashin kuma kada ka yi wa kowa alkawarin aike a shekarun nan, haya da mai da inshora ke cinye shi, ga aikin awa goma sha biyu ko fiye.

Amma duk wannan ba shi ne ya sa na zauna rubuta maka dogon saƙo ba. A saƙonka ka yi maganar sikolashif, ka yi maganar albashi, ba ka ambaci kare ko mage ko sau ɗaya ba, wannan ne ya tsaya min a rai.

Kai ƙila kansar da ka fi gani a kare ita ce TVT, wadda suke ɗauka wajen barbara, ka yi vincristine sati sati sau huɗu zuwa shida ƙarin ya narke kowa ya yi murna. Na zo da wannan tunanin nima, cewa aikin warkarwa ne. Yawancin abin da muke yi a nan sayen lokaci ne. Ɗauki limfoma, kare ya zo ƙaluluwa ta kumbura a ƙarƙashin muƙamuƙi da gaban kafaɗa da bayan gwiwa, in ba a yi komai ba sati huɗu zuwa shida ne. In aka sa shi a CHOP, wato cyclophosphamide da doxorubicin da vincristine da prednisone, ana juya su kusan wata shida, takwas zuwa tara cikin goma ciwon zai lafa kamar ba a yi ba, amma tsaka tsakin abin da suke samu shekara ɗaya ce, kaɗan ne ke kai biyu. Kansar ƙashi a manyan karnuka a yanke ƙafa kawai wata huɗu zuwa biyar, a haɗa da carboplatin a samu wajen wata goma zuwa shekara. Ta saifa kuwa, hemangiosarcoma, kare na wasa da safe da yamma ciki ya cika da jini, a cire saifar a samu wata ɗaya zuwa uku. Kai ne za ka zauna ka faɗi waɗannan lambobin a fuskar mutum.

Shekarata ta farko a rasidansi akwai wani dattijo da ke kawo karensa duk Laraba, matarsa ta rasu, karen nata ne. Yana zuwa da wani ɗan littafi da yake rubuta abin da karen ya ci da sau nawa ya yi amai, ya miƙo min da hannu biyu. Wata goma sha ɗaya muka samu. Ranar da na shafa wuyan karen na ji ƙaluluwar ta dawo, tauri kamar ƙwallon goriba, shi ma ya gani a fuskata tun ban buɗe baki ba, ya rufe littafin ya sa a aljihu. Muka gwada wasu magungunan suka riƙe na ɗan lokaci. Ranar ƙarshe a ƙasa muka zauna ni da shi a kan bargo, kan karen a cinyarsa, ni na yi masa allurar da ke ɗauke rai ba tare da ciwo ba. Da zai tafi ya riƙe hannuna ya ce ya gode da watannin. Ba wata jarabawa da ta shirya ni wa wannan, kuma kusan kowane sati sai an yi irinta. Ka yi tunanin allurar nan tun kana gida, ka tambayi malamai in zuciyarka na da shakka, haka ma zancen yawun kare da sallah, ni ina da kayan sallata daban a loka kuma na samu natsuwa da hakan, amma kada ka bari sai ka zo.

Kuma kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin kansa, a dabba ba irin ta mutane bace, mu ba ma tura magani har dabba ta galabaita don neman warkewa, burin shi ne ta ci abinci ta yi wasa, shi yasa yawancinsu ko gashi ba ya zubewa. Sai dai kuskure ba ya yafiya. Da faɗin jiki ake lissafin magani ba da kilo kaɗai ba, kafin kowace allura sai an ƙirga fararen ƙwayoyin jini, in sun yi ƙasa a ɗaga. Doxorubicin ja ne kamar jini, in ya zurare daga jijiya ya shiga nama zai ci wurin har ta kai ga yanke ƙafa, shi yasa kanular da ba ta shiga a karo ɗaya ba ba ma amfani da ita, ga shi yana taruwa ya lalata zuciyar kare, a mage kuma ƙoda yake bi. Mage ba ƙaramin kare bace, cisplatin zai cika mata huhu da ruwa ta mutu, maganin 5-FU ma kisa ne a gare ta. Karnuka irin su jinsin da ake kira koli da yawansu na da matsalar ƙwayar gado ta MDR1, awon da wani zai ɗauka lafiya su ya kwantar da su. Sababbin magunguna ma suna fitowa, Palladia a 2009 shi ne na farko da FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta amince da shi don kansar kare, karatu dai ba ya tsayawa.

Abu biyu sun min ciwo kuma har yanzu ban manta ba. Na farko wata mata da ta ji harshena ta dubi mai taimaka min ta ce ko akwai wani likitan, ina tsaye da fayil ɗin magenta a hannu bayan na kwana ina karanta shi. Na fita na kira mata wani, daga baya shi ɗin ni ya dawo yana tambaya. Na biyun ya fi zafi don daga namu ne, wani ɗan uwa a gaban mutane ya ce duk karatun nan ashe a kan kare ya ƙare, aka yi ta dariya. Ban ba shi amsa ba a lokacin. Amma kai ka sani, kansar ƙashin kare kusan ɗaya take da wadda ke kama yara da matasa, har cibiyar binciken kansa ta ƙasar nan NCI ta buɗe shiri na musamman tun 2003 don nazarin kansar karnuka saboda amfanin mutane. Ko ma babu wannan, rai ne Allah ya halitta yana jin ciwo, na rage masa, ba na jin kunyar aikina. Ranar da sunana ya fito cikin waɗanda suka ci jarabawar ƙarshe sujada na yi a ofis, na san da me na same ta.

In har bayan duk wannan kana nan a kan bakarka, to ga abin da nake so. Ka nemi asibitin da ake ganin karnuka da maguna da gaske ka yi shekara ɗaya ko biyu, ko kyauta ne, ka yi ta cire mahaifar karya har hannunka ya faɗa, ka koyi injin sa barci, ka koyi ɗibar ƙari da allura ka shafa a gilashi ka duba da kanka, ka riƙa rubuta kowace dabba da ka gani a littafi. Ka yi jarabawar Turanci, ka fara tara kuɗin ECFVG a dala, kada ka ci bashi a kansa kuma dan Allah kada ka ba wani ejan ko sisi, ba wanda ke sayar da gurbin rasidansi. Littattafan da na yi BCSE da NAVLE da su suna nan zan haɗa maka. Ka turo min takardar makinka da CV, sannan ka rubuto min labarin dabba ɗaya da ka yi jinya ta mutu a hannunka, me ya same ta, me ka yi, me ka faɗa wa mai ita. Sai mu yi waya ranar Lahadi bayan la'asar ɗinku. Ka gaida su Mama.