Muna son mu riƙa rubuta ta'asar da ake yi a unguwarmu, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mu matasa ne kamar goma a wata unguwa cikin birnin Kano. Duk sanda siyasa ta ƙarato sai 'yan daba su fito da makamai, a yaga fastoci, a sari mutane. In jami'an tsaro suka zo kame kuma sai su haɗa da wanda bai ji ba bai gani ba. Mun yi shawarar mu riƙa bibiya muna rubutawa. Anya wannan zai yi amfani? Kuma wa za mu kai wa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Allah ya yi muku albarka. Zai yi amfani ƙwarai, kuma ba ku ne farau ba. Bayan zaɓen Kenya na watan Disambar 2007, da rikici ya ci rayuka sama da 1,000, wasu 'yan ƙasar suka buɗe shafin da kowa zai aika saƙon abin da ya gani a inda yake, ana sa shi a taswira. Sunansa Ushahidi, wato shaida da harshen Swahili. Mu ma a nan mun ga rikicin bayan zaɓen 2011, lokacin da ƙungiyar Human Rights Watch ta ce an kashe mutum fiye da 800 cikin kwana uku a jihohi 12 na Arewa. Kafin wutar ta tashi mutanen unguwa sun ga hayaƙi, sai dai ba kowa ne ya tattara abin da ya gani ya miƙa inda ya dace ba.

Abin da nake so ku riƙe da hannu biyu shi ne bambancin "na gani" da "an ce". Nan ne yawancin irin wannan aiki yake lalacewa. Ku samu littafi mai kauri guda, ku raba kowane shafi gida biyu, ɗaya na abin da ɗayanku ya gani da idonsa, ɗaya na abin da aka ba ku labari. Wanda ya rubuta "jiya an ci zarafin mutane a bakin kasuwa" bai ba lauya komai ba. Wanda ya rubuta ranar, ya ce bayan sallar isha'i ne, mota ƙirar Hilux fara, mutum shida a ciki, biyu da kaki, sun tafi da samari huɗu daga gaban mai shayi, ɗaya goshinsa na jini, wannan ya kawo abin da za a iya tsayawa a kai a kotu. Ku rubuta a daren, kafin hirar majalisa ta ƙara wa labarin gishiri. Labarin ji kuwa kada ya fita daga hannunku sai mutum biyu da ba su haɗa baki ba sun faɗe shi iri ɗaya.

Bidiyon da aka turo muku ta WhatsApp ba shaidarku ba ce. Sau da yawa tsoho ne, ko na wata ƙasa. Wanda kuka ɗauka da kanku ku ajiye shi yadda yake, ba yanka ba ƙari, ku adana kwafi a wajen wayar. In ɗaukar za ta jefa ku cikin haɗari, ku bar ta.

Sai abu mafi wuya. Ranar da yaran jam'iyyar da kuke ƙauna suka fasa kan wani, dole ya shiga littafin kamar yadda na abokan hamayya ya shiga. In kuka tsallake sau ɗaya, unguwa za ta sani, daga nan kuwa kun zama 'yan koren wani ɗan takara. Shi ya sa nake ba ku shawara ku jawo mata cikin tafiyar, don akwai abin da ake yi a cikin gidaje da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba, ku kuma sa mutanen ɓangarori daban-daban. Kada ku karɓi ko kuɗin kati daga ɗan siyasa.

Ku san ɗan abin da doka ta ce, don ku gane me kuke rubutawa. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu kwana biyu, ban da wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta hana kama mutum a madadin wani, irin a zo neman yaro a tafi da ubansa. Wata doka ta 2017 kuma ta mayar da azabtarwa laifi. Saboda haka lokacin da aka kama mutum da ofishin da aka kai shi su ne abu na farko da za ku nema.

Game da inda za ku kai, in alamar rikici ce, kamar tara makamai ko wa'adin ramuwa, ku garzaya wurin mai unguwa da limamai da DPO tun da zafinsa. In kuwa an riga an yi cin zarafin, akwai Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1995, gyaran dokarta na 2010 kuma ya ba ta ikon sauraron ƙara da yanke diyya. Tana da ofishi a Kano, kai ƙorafi kyauta ne. Akwai kuma hukumar ba da agajin lauyoyi ga marasa hali, da reshen ƙungiyar lauyoyi. Ku kai a rubuce, ku karɓi kwafi mai hatimi.

Ina roƙonku da Allah, kada ku sa sunan wanda aka zalunta ko fuskarsa a Facebook ba tare da yardarsa ba, musamman mace. Ku ba kowane mai shaida lamba, sunayen kuma su zauna a wata takarda dabam, a hannun mutum ɗaya da kuka amince da shi, ba a gidan da littafin yake ba.