Tambaya da Amsa: Sulken Roba a Zafin Damagaram

Wasiƙun wannan fitowa daga matasan Damagaram suke, masu ƙera sulken kwaikwayo irin na mayaƙan finafinan sararin samaniya. Ga waɗanda muka zaɓa.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina son in ƙera sulke cikakke, daga kwalkwali har ƙwauri. Na gwada da kwali ya lanƙwashe tun kafin in fita ƙofar gida. Da me ake yi, kuma nawa zan saya? Daga wani ɗalibi, Sabon Gari.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Kada ka raina kwali, amma aikinsa gwajin fasali ne kawai. Abin da ake ƙera sulken da shi robar EVA ce, wannan soso mai tauri da ake yin ƙasan silifa da shi. Ana samunta a matsayin tabarmar roba mai haƙora da ake haɗawa a ƙasan ɗaki, kowace santimita 60 a 60, kaurinta wajen milimita 10. Ka fara tambaya wajen masu sayar da kayan takalmi a kasuwar Dole, in babu ka ba ƴan Kano saƙo. Kada a haɗa ka da soson katifa, ba ya riƙe siffa, ko farin soson nan da ke zuwa cikin kwalin firji, wanda gam da fentin feshi ke narkarwa.

Ga babban mutum, tabarma takwas zuwa goma za su yi, har da wadda za ka ɓata wajen koyo. Mai milimita 10 ta ƙirji da baya da kwalkwali ce. Hannu da ƙwauri sun fi son mai 5 ko 6, ado kuma mai 2. Sai gam ɗin masu gyaran takalmi kamar lita ɗaya, wuƙar kata, dutsen wasi, samfefa da alƙalamin maka. Robar nan tana cin kaifi sosai: in ka ga bakin yanka ya fara fitowa da gashi-gashi, wasa wuƙar, kada ka ƙara ƙarfi.

Tambaya: Na gama sulkena, a rataye gwanin kyau, amma in na sa ba na iya zama, hannuna ba ya kai bakina, na cinya kuma sai zamewa yake. Na auna jikina da tef kafin in yanka. Ina kuskuren yake? Daga wani mai karatu, unguwar Birni.

Amsa: Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci, don haka za mu daɗe a kanta. Kurakurai uku ne suka haɗu maka.

Na farko, ka manta da kaurin robar. In ka auna damtsenka ya ba ka santimita 30, ka yanka roba 30 ka naɗe ta, ramin ciki ba zai kai 30 ba, domin gefen ciki matsewa yake yi. Roba mai milimita 10 tana cinye wajen santimita 3 na kewaye, mai milimita 6 kuma wajen 2. Ka ƙara wannan, sannan ka ƙara wasu santimita 2 na sakewa, saboda rigar ciki da kumburin tsoka in ka lanƙwasa hannu. Damtse 30 ke nan yana son roba 35 in mai milimita 10 ce, 34 in mai 6 ce.

Hanyar da ta fi tef ita ce ɗaukar fasali a jiki. Ka sa rigar da za ka riƙa sawa a ƙarƙashi, wani ya naɗe maka wurin da leda, ya bi da salatif mai faɗi har ya rufe, ba tare da matsewa ba. A ƙirji ka ja numfashi ka cika huhu kafin a manna. Ya zana iyakar sulken da layukan ɗinki, ya kuma ja ƴan gajerun layuka da ke ratsa kowane layi duk bayan santimita 5, su ne za su nuna maka inda gefe zai haɗu da gefe. A yanke da almakashi mai dakusasshen baki. Wurin da ya ƙi kwanciya a tebur a tsaga shi har ya kwanta, kamar yadda tela ke cire tsini a riga. Rabin jiki kawai za ka ɗauka, ka kwafa fasalin a takarda, ka juya takardar ta ba ka ɗaya rabin, in ba haka ba hagu da dama ba za su yi daidai ba.

Na biyu, ka rufe gaɓoɓi. Sulken ƙirji ya tsaya inda haƙarƙari ya ƙare, ciki kuma ya zama faranti uku ko huɗu masu hawa kan juna, a manne da lastik ta baya don su shige cikin juna in ka zauna. Ta cikin gwiwar hannu da bayan gwiwar ƙafa ka bar fili yatsa biyu zuwa uku sama da ƙasa. Kada ka ji tsoron ragin nan, baƙar rigar ciki za ta ɓoye shi, kuma mai kallo ba ya lura da shi. Faɗin ƙirji kada ya wuce inda hannu ke gogawa: miƙa hannuwa biyu gaba ka tafa, in robar ta soke ka, rage ta rabin santimita, sake gwadawa. Kaɗan-kaɗan ake ragewa, abin da aka yanke ba ya dawowa.

Na uku, ka bar kowane yanki ya riƙe kansa. Cinya sama ta fi ƙasa faɗi, komai matsin da ka yi sai ya sauko. Rataye shi za ka yi. Nemi madaurin jakar makaranta mai faɗin milimita 25, a ɗinka maka bel mai ƙarfi da igiyoyi biyu masu hawa kafaɗa su gicciye a baya. Na cinya ya rataya a bel ta gaba da gefe, na kafaɗa ya rataya a igiyar kafaɗa, na damtse ya rataya a na kafaɗa da lastik. Na ƙwauri ya zauna a kan takalmi. Inda za ka manna madauri a roba, goge wurin da samfefa, manna aƙalla santimita 5 na madaurin, ka rufe shi da wani ɗan yankin roba. A wannan gari ba mu ba da shawarar belkuro, mannau ɗin nan na takalmin yara, sai a wurin da ba ya ɗaukar nauyi, domin ƙurar hunturu ɗaya ta isa ta kashe shi. Maɓallin dannawa ya fi. Kai aikin wajen dukawa, sun fi mu sanin yadda ake kafa maɓalli da ɗinkin da ba ya tsinkewa. Ranar hawan salla kuma ka tsaya kusa da ƴan lifida ka dubi yadda aka ɗaure kayansu har suke iya juyawa a kan doki.

Tambaya: Haɗin da na yi yana buɗewa in na shiga rana, fentin kuma yana tsagewa kamar ƙasar fadama. Daga wata tela, Garin Malam.

Amsa: Hajiya, in gam ɗin kyandir kika yi aiki da shi, wanda ake narkarwa da wuta, shi ne ya ci amanarki. Zafi ke narkar da shi, baƙar roba kuwa a ranar Afrilu ko Mayu, lokacin da inuwa ma ke wuce digiri 40, tana ɗaukar zafin da zai sassauta shi. Koma ga gam ɗin takalmi. Shafa siriri a ɓangarori biyu, ki jira har ya daina kama bayan yatsa, a bazara minti uku zuwa biyar, da damina ya fi haka. Ki haɗa daga gefe ɗaya kina bin alamomi, ki fara daidaita fuskar waje. In ya kama ya kama ke nan. A tsakar gida ake wannan aiki, nesa da murhu, domin tururinsa yana kama wuta kuma yana sa jiri.

Sai dai wani lokaci laifin ba na gam ba ne, robar ce ke neman komawa shimfiɗe. Lanƙwasa ta da zafi tun kafin haɗi. In babu na'urar hura iska mai zafi, riƙe ta santimita 20 zuwa 30 saman garwashi kina motsa ta har ta yi laushi, ki danna ta a bayan tulu ko ƙwarya, ki riƙe har ta huce. Bayan tulun Mirya yana ba da kumburin ƙirji mai kyau.

Fenti kuma yana tsagewa ne don an zuba shi da kauri a kan robar da ba a toshe ƙofofinta ba. Bi fuskar da iska mai zafi har ta ɗan yi sheƙi, ki shafa farin gam ɗin kafinta da aka sirka da ɗan ruwa sau uku ko huɗu, kowane ya bushe kafin na gaba. Sannan fentin akirilik siriri-siriri. Wurin da ke lanƙwasa kullum ki rage gam ɗin, shi ma yana tsagewa. In feshi ne, da sassafe, daga nisan santimita 25, bayan kin yayyafa ruwa a ƙasa don ƙura ta kwanta. Da tsakar rana fentin na bushewa a iska, ya sauka kamar yashi. In kina son ya yi kama da ƙarfe, yi baƙi tukuna, ki murza garin bakin fensir da tsumma.

Tambaya: Minti goma cikin kwalkwali sai gilashin ya yi hazo, numfashi ya yi nauyi. Daga wani ɗan kabu-kabu, Zango.

Amsa: Ɗan'uwa, numfashinka ne ke komawa sama. Huda ramuka a gaban baki da bayan ƙeya, ka rufe su da baƙin gidan sauro. Sa ƙaramar fankar USB mai bolt 5, faɗin milimita 40, kusa da haɓa tana hura iska zuwa gilashi, fawabank a aljihu. Kada ka cika cikin kwalkwalin da soso. Guda huɗu sun isa, a goshi, ƙeya da gefe biyu, iska ta bi tsakaninsu. Gilashin tsohuwar hular kwano yana aiki, ka goge cikinsa da ɗigon sabulun ruwa ka share. Duk da haka, a bazara kada ka wuce minti 20 ba ka cire ka sha ruwa ba, kuma ka fita da abokin da ya san inda maɓallanka suke. Jiri ko ciwon kai na nufin a cire komai nan take. Lokacin wannan wasa daga Disamba ne zuwa Fabrairu.

Tambaya: Me ya sa nawa ba ya ƙyalli kamar fararen sojojin nan na fim? Daga wani mai karatu, Magarya.

Amsa: Domin nasu ba soso ba ne. Fararen sojojin Star Wars na 1977, a Ingila aka yi sulkensu da farantin roba mai tauri, a gasa shi, inji ya zuƙe iska ya manne a kan mazubi. Ƴan ƙungiyar 501st Legion ta masu ƙera da sanya kayan Star Wars, wadda aka kafa a Amurka a 1997, yawanci da irin wannan roba mai tauri da ake kira ABS suke aiki. A nan, abin da ya fi kusa shi ne farin allon PVC mai milimita 3 na masu allon talla: yana lanƙwasa da zafi, yana karɓar fentin mota. Kada ka bari ya ƙone, hayaƙinsa guba ne. In kuma injin 3D, mai buga abu da narkakkiyar roba, za ka kai wa aiki, ka ce a yi da robar PETG. Robar PLA tana laushi a wajen digiri 60, rufaffiyar mota da rana ta isa ta karkata maka kwalkwali.

Tambaya: Zan iya ƙera bindigar roba in fita da ita gari? Daga wani matashi, Kara-Kara.

Amsa: A'a, ƙanenmu. Jami'in tsaro da ya hango mutum fuska a rufe da abu mai kama da bindiga ba zai tsaya tantance roba ba. Ka bar ta wajen ɗaukar hoto a cikin gida. In taro ne, ka sanar da masu shirya shi da hukuma tun da wuri, ka kai kayan a jaka, ka sa su a can.