Na'ura biyu, gona ɗaya, awo ya ƙi daidaita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mun auna gonar shinkafarmu a Kadawa da GPS mai RTK, da mai tarakta ya zo da tashi na'urar sai layin ya goce kusan mita 1 da rabi, har mun fara cacar baki da maƙwabci. Wacce ce ta lalace?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kwantar da hankalinka, da wuya a ce akwai wadda ta lalace. Shi RTK, wato GPS ɗin da ke karɓar gyaran awo daga wata na'ura da ake kafawa a tsaye wuri ɗaya ana ce mata tasha, daidaiton santimita 2 zuwa 3 da yake bayarwa daga tashar nan yake lissafa shi, to idan kowa ya kafa tashi tashar ya bar ta ta ƙiyasta inda take da kanta, kuskuren mita 1 ko 2 ba abin mamaki ba ne kuma duk awon gonar haka zai bi ta ya goce gefe guda.

Ku zuba kankare ku kafa turke ɗaya, a auna shi a rubuta lambobin da ke nuna inda yake, kullum a ɗora tashar a kansa a shigar da lambobin nan da hannu. In zai yiwu ma ku duka ku karɓi gyara daga tasha ɗaya.

Sannan ku leƙa saitin, don tsofaffin takardun filaye da yawa a Najeriya kan ma'aunin Minna, wato tsarin lissafin wuri a taswira na Najeriya, aka yi su, GPS kuma na duniya mai suna WGS84 yake bi, shi wannan bambancin mitoci ne masu yawa. Ku duba shiyya ma a saitin, Kano tana shiyya ta 32 ta UTM, wato tsarin da ya raba taswirar duniya shiyya-shiyya. Don Allah kar a tuge shaidar iyaka sai safiyo ya zo.