Hukuncin noman gonar jingina, da bashin da darajarsa ta zube

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni manomi ne a wani ƙauye na yankin Gadarif a ƙasar Sudan. Gab da daminar 2021 mijin ƙanwata ya zo mini cikin matsuwa saboda jinyar mahaifiyarsa, na ranta masa fam dubu 800, shi kuma ya ba ni jinginar gonarsa mai faddan 20 (faddan ma'aunin fili ne a wajenmu) a gaban shaidu biyu, ya ce in riƙa nomawa har ranar da zai biya. Mun rubuta a takarda cewa idan shekara biyar ta cika bai biya ba, gona ta zama tawa. Na noma ta damina huɗu, riɗi da dawa, da irina da kuɗin aikina. Yanzu ya kawo fam dubu 800 cif yana neman gonarsa, alhali kowa ya san abin da ya sami kuɗin ƙasar nan. Wani malami ya ce mini noman halas ne tunda mai gona ya yarda da bakinsa, kuma ai banki ma jingina yake karɓa. Shin abin da na ci halas ne? Kuma dole ne in karɓi kuɗin yadda suke?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwana, Allah ya saka maka da alheri a kan tsayawar da ka yi wa surukinka ranar da ya rasa mafita, kuma tambayar da ka yi bayan an riga an ba ka amsar da ta yi maka daɗi alama ce ta cewa zuciyarka ba ta natsu ba. Karɓar jingina halas ne, a gida ko a tafiya, ba sai mun tsaya a nan ba. Kalmar da hukuncinka ya rataya a kanta ita ce wadda ka rubuta da hannunka, wato “na ranta masa”. Da bashin nan kuɗin kaya ne, misali ka sayar masa da buhunan dawa zuwa wani ajali, kuma kuka sharɗanta a cikin cinikin cewa za ka noma gonar damina kaza sananniya, da malamanmu na Malikiyya sun halatta maka, domin a nan amfanin gonar ya zama wani yanki na farashi, ciniki da haya sun haɗu a kan abu sananne. Sun kasa mas'alar gida takwas, gwargwadon ko bashin na rance ne ko na ciniki, ko an sharɗanta amfanin ko an bayar da shi daga baya, ko an yanka masa lokaci ko ba a yanka ba, kuma wannan sura ɗaya kaɗai ce ta tsira. Taka kuwa rance ce, an sharɗanta noman tun farko, kuma an bar shi “har ranar da zai biya”. Saboda haka noman da ka yi bai halatta ba, domin rance ne da ya jawo wa mai bayarwa amfani, kuma wannan riba ce ko da ba a ambaci sunanta a takarda ba.

Maganar da aka faɗa maka cewa yardar mai gona ta wanke komai tana bukatar a tsaya a kanta, domin ita ce ta yaɗu a ƙauyukanmu daga Gadarif har bakin kogi wajen Maiwurno, har ta kai wasu suna ganin wanda ya karɓi jinginar gona bai noma ba a matsayin wawa. Ba ƙirƙirarta malamin ya yi ba, akwai ta a wasu littattafan Hanafiyya, cewa mai riƙe da jingina yana iya amfana da ita idan mai ita ya yi izini. Sai dai manazartan mazhabar da kansu sun ɗaure ta da cewa kada izinin ya zama sharaɗi a cikin rancen, kuma Ibn Abidin ya kawo cewa galibin mutane ba sa ba da kuɗin sai don amfanin da za su samu, wanda hakan ya mayar da al'adar tamkar sharaɗi, sai hani ya tabbata. To ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: da surukinka ya ce ga gona jingina amma shi zai ci gaba da nomanta, da ka ƙirga masa dubu 800 a ranar? Idan amsar ita ce a'a, ka ga izinin nan farashin rancen ne.

Sannan yarda ba ta halatta riba ko a ina. Duk wanda ya taɓa karɓar bashi da ruwa da yardarsa ya sa hannu, kuma ba wanda ya ce wannan ya tsarkake ruwan. Yardar mutumin da mahaifiyarsa take kwance kuwa, ka fi ni sanin irinta. Ya zo a cikin Bukhari cewa Abdullahi ɗan Salam ya gargaɗi Abu Burda cewa idan yana bin mutum bashi, mutumin ya kawo masa kyautar ɗaurin ƙaiƙayi ko na sha'ir ko na ciyawar dabbobi, kada ya karɓa, domin riba ce. Idan ɗaurin ciyawa na kyauta ya kai a yi wannan gargaɗi, ina ga riɗin faddan 20 damina huɗu? Masu halatta amfana da jingina sukan kawo hadisin da ya ce ana hawan dabbar jingina kuma ana shan nononta saboda ciyar da ita. Wannan hadisi ingantacce ne, amma dalilin hukuncinsa yana cikin lafazinsa: dabba tana ci, idan ba a ciyar da ita ba za ta mutu haƙƙin kowa ya salwanta, shi ya sa Hanbaliyya da suka yi aiki da zahirinsa suka taƙaita shi ga abin hawa da abin tatsa, gwargwadon abin da aka kashe. Gona ba ta cin harawa, kuma kuɗin da ka zuba a cikinta ka zuba ne don amfanin da kai za ka girbe.

Wasu kuma sukan sauya wa abin riga, su ce ai sayarwa aka yi da sharaɗin duk ranar da mai gona ya dawo da kuɗi a mayar masa. Wannan shi ne abin da Hanafiyya suke kira bai'ul wafa, Malikiyya kuma suke kira sunya idan an sharɗanta shi a cikin cinikin, kuma Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta duba shi a zamanta na Jidda a 1992 ta yanke cewa haƙiƙarsa rance ne da ya jawo amfani, dabara ce ta cin riba, kuma bai inganta ba. Na ambace shi ne don kada gobe wani ya ba ka shawarar ku yaga tsohuwar takarda ku rubuta sabuwa da wannan suna.

Hujjar cewa banki ma yana karɓar jingina, idan ka duba da kyau, a kanka take. Bankin da ya ba manomi tarakta ko taki ta hanyar murabaha, ribarsa tana cikin farashin kayan da ya sayar, an san ta tun ranar ƙulla ciniki, kuma ba ka taɓa ganin ma'aikatansa sun zo sun shuka riɗi a gonar da aka jinginar musu ba. Abin da banki yake yi shi ne ya sa a rubuta jinginar a rajistar filaye don kada a sayar da ƙasar a bayan idonsa, mai ita kuma ya ci gaba da aikinsa har ya samu abin biya. Yakan nemi jinginar da darajarta ta ɗara bashin, saboda kayan da aka sayar bisa tilas ba sa yin kuɗin da suke yi a ranar walwala, kuma idan biya ya gagara sai a sayar, ya ɗauki haƙƙinsa, a mayar wa mai dukiya ragowar. Aikin jingina ke nan a shari'a da kuma a kasuwa: ta kwantar da hankalin mai ba da bashi, ta sa shi gaba da sauran masu bin bashi idan dukiya ta gaza, ba ta haifa masa ko kwabo a kan abin da yake bi. Na san dalilin da ya sa surukinka bai je can ba, mafi yawan ƙananan manomanmu ba su da takardar da banki yake karɓa, shi ya sa suke faɗawa hannun 'yan kasuwar shail da suke sayen amfanin gona da araha tun yana tsaye, ko hannun dangi. Wannan kuwa dalili ne na ka fi banki sauƙi a kansa.

Sharaɗin da kuka rubuta na cewa gona ta zama taka bayan shekara biyar ɓatacce ne, shi ne abin da Imam Malik ya fassara hadisin hana kulle jingina da shi, don haka ka cire shi daga ranka. Ka kuma bincika ko surukinka ya mallaki ƙasar ce ko amfaninta kawai yake da shi, domin tun dokar 1970 ƙasar da ba a yi wa rajista ba ana ɗaukarta ta gwamnati ce, kuma gonakin damina da yawa a yankinku a kan haka suke.

Abin da ya wuce kuwa, tunda iri naka ne kuma wahala taka ce, amfanin da ka girbe naka ne, amma kana ɗauke da kuɗin hayar gonar na damina huɗu, gwargwadon yadda ake ba da hayar irinta a ƙauyenku a kowace daminar. A ƙiyasta da kuɗi, kada a ƙiyasta da buhunan dawa, domin a mazhabarmu ba a hayar ƙasa da abinci. Ka tuba ga Allah, kuma jahilcin hukunci tare da fatawar da aka ba ka muna fatan su ɗauke maka zunubi, amma ba sa ɗauke haƙƙin mutum.

Yanzu ga abin da na fahimci shi ne ainihin ciwonka, kuma ba zan ce ba ka da gaskiya a cikinsa ba. Ka ba da kuɗi a shekarar da gwamnati ta karya farashin fam a hukumance daga 55 zuwa 375 a kan dala ɗaya, hauhawar farashi ta haura kashi 300 cikin ɗari, sannan yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya ƙarasa abin da ya rage. Asalin hukunci shi ne a biya bashi da kwatankwacinsa, dubu 800 da dubu 800, kuma a kan haka majalisar da na ambata ta tsaya a zamanta na Kuwait a 1988. Amma tun da daɗewa Abu Yusuf, almajirin Imam Abu Hanifa, ya tafi a kan biyan ƙima idan darajar kuɗi ta sauya, Rahuni daga cikin Malikiyya ya karkata ga haka idan sauyin ya yi muni ƙwarai, kuma ita majalisar a zamanta na Dubai a 2019 ta ce idan mummunar hauhawa ta auku bayan bashi ya tabbata, ba laifi mai bi da wanda ake bi su yi sulhu a lokacin biya, a kan ƙima ko a kan raba asarar tsakaninsu, ko alƙali ko mai sasanci ya yanke musu. Abin da nake ba ka fatawa da shi ke nan, domin abin da ya sami fam ba ƙaramin motsin kasuwa ba ne. Sai dai ka lura, wannan haƙƙi ne da za a zauna a auna shi, ba izini ba ne na ka riƙe gona ka ce riɗin da ka ci shi ne diyyarka, domin ka fara noman tun daminar farko kafin ka san yadda kuɗin za su kasance.

Shawarata ita ce ku kira shaidun nan biyu da dattawa biyu da suka san farashin gona, a buɗe lissafi biyu a zama ɗaya. A gefe guda a auna abin da dubu 800 suke saya a 2021 da wani ma'auni tsayayye da kuka yarda da shi, kamar zinariya, a raba gibin tsakaninku, tunda shi ma ba shi ya karya kuɗin ba. A ɗaya gefen a auna hayar damina huɗu da wannan ma'aunin dai, don kada ka nemi ƙima a abin da kake bi ka biya adadi a abin da ake binka. Sai a cire ƙarami daga babba. Kada ka yi mamaki idan lissafi ya nuna abin da ya rage maka kaɗan ne, ko ma kai ne da ciko. Idan akwai saura a kansa kuma ba shi da halin biya yanzu, jinkirta masa wajibi ne, kuma idan kana son jinginar ta ci gaba, a damƙa gonar a hannun amintacce na uku ya ba da hayarta, kuɗin hayar su riƙa zuwa gare ka a matsayin biyan bashi ana rubutawa.

Abu na ƙarshe ya shafi ƙanwarka, wadda ba ka ce komai a kanta ba alhali a cikin gonar nan take ci ita da 'ya'yanta, kuma damina huɗu ke nan tana kallon yayanta yana girbe ta. Kada ka sa ta a tsakiya, kada ka aika ta da saƙo, kuma kada ka bari damina ta biyar ta faɗi gonar tana hannunka. Idan bayan lissafi abin da ya rage ba zai karya ka ba, ka yafe wani yanki a gaban dattawan, ku rubuta abin da kuka tsaya a kai, kowa ya riƙe kwafinsa.

Wallahu a'alam.