Ga mai neman inda masu barin giya ke haɗuwa a Bauchi

Ɗan'uwa, ka ce ka daɗe kana shan giya a ɓoye, ka gaji, kana tambaya ko akwai inda waɗanda suka daina ke zama suna ƙarfafa juna a nan Bauchi. Akwai, sai dai ba za ka ga allo a bakin titi ba, ba kuma a sanarwa a rediyo. Tun da jihar nan ta ƙaddamar da shari'a a 2001, mai sha ya ƙware a ɓuya, mai son dainawa ma haka. Tsoron kowa ɗaya ne, kada magana ta kai kunnen surukai ko abokan sahu a masallaci. Saboda haka ta hannun mutum ake kaiwa ga irin wannan zama, kuma waɗanda suka fi sanin hanya suna asibiti.

Ni ta sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Abubakar Tafawa Balewa na bi. Na san za ka ce ai kai ba mahaukaci ba ne. Da yawa daga cikin waɗanda za ka tarar a layi ma rashin barci ko damuwa ce ta kawo su. Bayan ka ga likita, ka tambayi nas ko jami'in walwala kai tsaye ko akwai wasu irinka da ke haɗuwa. Ba za su ba ka sunan kowa ba, sirrin marar lafiya ne, amma da izininka suna iya miƙa lambarka ga wani da ya riga ka dainawa. Haka aka yi mini, wani dattijo ya kira ni.

Akwai dalili na biyu da ya sa nake matsa maka kan asibiti, kuma ya fi na farko nauyi. In kullum kake sha, musamman mai ƙarfin nan ta leda ko ogogoro, kada ka yanke dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Cikin awa 6 zuwa 24 da kurɓar ƙarshe hannu ke fara rawa, gumi da tashin zuciya su biyo baya. Wasu farfaɗiya ke kama su cikin kwana 2 na farko, wasu kuma a kwana na 2 zuwa na 3 su rikice, su riƙa ganin abin da babu. A nan 'yan gida ke cewa aljanu ne ko sammu, a tafi neman ruƙiyya, alhali wannan hali na iya kisa. Likita na da maganin da ke kwantar da jiki a waɗannan kwanaki, yana kuma ba da bitamin B1 da giya ta ƙarar. Wanda kuma ke buƙatar doguwar kwanciya akan tura shi irin asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna.

Zamanmu ba wani babban abu ba ne. Mu kaɗan ne, a shagon ɗaya daga cikinmu bayan isha'i, da butar shayi. Mun aro tsarin Alcoholics Anonymous (AA), ƙungiyar masu barin giya da aka fara a 1935 a garin Akron na Amurka, mai matakai 12: sunan farko kawai, babu kuɗin shiga, abin da aka faɗa a ɗakin nan yake kwana. Ba ƙungiyar coci ba ce kamar yadda wasu ke zato, cikinmu akwai Musulmi akwai Kirista daga Yelwa. Mun ƙara namu sharuɗɗa saboda mun san halin gida. Ba a wa'azi, don kowa ya san haramun ce tun kafin ya fara. Ba a rance tsakani, bashi ya fi komai saurin watsa taro. Ba ma buɗe zauren WhatsApp da sunaye, waya na faɗawa hannun yara. Kuma ba ma haɗuwa a wurin da hanyarsa ta bi ta Bayan Gari, unguwar da ta yi suna wajen shan giya.

Abin da ya fi riƙe ni ba zaman kansa ba ne, lambar mutum ɗaya ce da zan kira da magariba ranar da albashi ya shigo, lokacin da ƙafa ke son juyawa da kanta. Kafin ka samu naka mutanen, tarukan AA na Zoom suna nan dare da rana, da Turanci ake yi, kana iya rufe kyamara ka saurara kawai.

In 'yan'uwa suka kawo maganar gidan mari, ka tuna musu abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a 2019, mutane a ɗaure da sarƙa. Ranar da za ka ga likita kuma, faɗa masa ainihin yawan abin da kake sha da lokacin da ka sha na ƙarshe, kada ka rage don kunya, domin da wannan lissafin zai auna maganinka.