Tambaya da Amsa: Zan iya kawo 'yar yayata Jamus ta riƙe mini yara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce a Hamburg, ni da maigidana duk 'yan Najeriya ne. Yaranmu biyu, babban shekararsa huɗu, ƙaramar watanta goma sha huɗu. Aikina na karɓa-karɓa ne, wani mako safe wani mako dare, raino ya sha mini kai. Wata abokiyar aikina ta ce in ɗauko au pair, budurwar da za ta zo daga wata ƙasa ta zauna da mu, tana kula da yara tana koyon Jamusanci. Nan take na tuna da 'yar yayata mai shekara 20 da ta gama sakandare tana zaune a gida. Zai yiwu in kawo ta ta wannan hanya? Maman Khalifa, Hamburg.

AMSA: Wa alaikumus salam Maman Khalifa, sannu da ƙoƙari, Allah ya raya mana su.

Gara in gaya miki tun kafin ki sa wa yarinya da uwarta rai: wannan ƙofa a rufe take gare ta. Ƙa'idar hukumar ƙwadago ta Jamus ita ce ba a amincewa da au pair idan akwai dangantaka tsakaninta da masu gida. Ko da bare ce ma, da sauran magana. An tsara abin ne don gidajen da Jamusanci ne harshen uwa. Gida irin naku ana iya amince masa in da Jamusanci kuke magana yau da kullum, amma da sharaɗin kada yarinyar ta fito daga ƙasar da iyayen gidan suka fito. 'Yar Najeriya ke nan ba za ta zo muku ba. In wani dillali ya ce zai gyara takardu a ɓoye zumuncin, ki guje shi, domin ranar da asiri ya tonu yarinyar ce za ta fara kwana a ciki, takardun zamanku kuma su shiga haɗari.

To, a ce kin nemo wata daga Jojiya ko Kolombiya. Dole ta kai shekara 18, kada kuma ta cika 27 lokacin neman biza, ta iya Jamusanci na matakin farko, A1. Zamanta daga wata shida ne zuwa shekara ɗaya, ba ƙari. Ku za ku ba ta ɗaki nata ita kaɗai, ta ci abin da kuke ci a teburi ɗaya da ku, ku biya mata inshorar lafiya da ta haɗari, ku ba ta Yuro 280 duk wata kuɗin kashewa, da Yuro 70 na makarantar koyon harshe.

Inda nake so ki tsaya ki yi lissafi shi ne lokacin aiki. Awa shida ne a rana, kada ya wuce 30 a mako, har da zaman daren da za ta yi da yara in kun fita. Tana da hutun kwana ɗaya da rabi kowane mako, da yammaci huɗu nata na kanta, da hutun mako huɗu a shekara ba a taɓa kuɗinta ba. Ɗauko jadawalin aikinki ki ɗora a kai. Kin fita ƙarfe takwas na dare, kin dawo bakwai na safe a gajiye kina neman barci, maigida kuma ya kama hanyar nasa aikin. Wa zai riƙe ƙaramar har azahar? A nan ne gidaje da yawa ke zamewa. Yau a ce ta ƙara awa biyu, gobe a haɗa mata da wanke banɗaki da gugar maigida, kafin a ankara baƙuwa ta koma baiwa. Wannan abu yana ci mini rai, domin yarinya ce mai iyaye, ta zo ƙasar da ba ta san kowa ba, kuma bizarta a ɗaure take da gidanku, shi ya sa za ta haɗiye da yawa ba ta yi magana ba. Aikinta shi ne kai yara makaranta da ɗauko su, wasa da su, haɗa musu ɗan abinci, gyara kayansu. Amanar 'yar mutane ce a hannunki.

Sannan ku tattauna ke da maigida kan zama da wadda ba addininku ɗaya ba, ko ba tarbiyyarku ɗaya ba. Za ta fita da ƙawaye ranar Asabar ta dawo dare, haƙƙinta ne. In ba a shigo da naman alade ko giya gidanku, ki faɗa mata tun a hirar bidiyo ta farko, a kuma rubuta a yarjejeniya. In zama ya ƙi daɗi, kowane ɓangare na iya ba da sanarwar mako biyu a rabu lafiya.

Shawarata, ki fara neman wa ƙaramar gurbi a Kita, wato gidan rainon yara na Jamus, ko wajen mai raino ta rana. Tun watan Agusta 2013 doka ta ba duk yaron da ya cika shekara ɗaya wannan haƙƙi. In kin samu, sai au pair ta cike miki giɓin safe da yamma. 'Yar yayarki kuwa, ta dage da Jamusanci tun daga gida har ta kai matakin tsakiya, B1 ko B2, ta nemi gurbin koyon aikin jinya. Zumunci ba ya hana samun bizar koyon aikin, kuma ana biyan albashi tun shekarar farko.